Gwajin Wuta ga Bel ɗin Jigilar Kwal a Ƙarƙashin Ƙasa: Tambayoyin 'Yan Kasuwarmu na Legas

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwanmu masu harkar bel a Legas: masu shigo da shi ta Apapa da Tin Can, masu sayen tsohonsa a Owode Onirin, da direbobin tirela da ke ɗaukarsa zuwa Kogi da Inugu da Gombe. Bel ɗin da ake nufi shi ne faffaɗan nan na roba mai tafiya a kan roloji yana ɗauke da kwal ko dutse ko hatsi.

Legas ba ta da mahaƙar kwal. Me ya haɗa mu da wannan magana?

Gaskiya ne ba a haƙar kwal a Legas, amma ta ruwa bel yake shigowa, kuma mafi yawan kayan ruwa a nan suke sauka. Wanda ya yi oda, da ejan da ya fitar da kwantena, da dillalin da ya haɗa ciniki, duk sun riga leburan da zai yi aiki a gefen bel ɗin sanin irin abin da aka saya. Idan aka yi kuskure wajen zaɓe, to a nan aka yi shi.

Alaƙar garin nan da kwal ma ba ta yau ba ce. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo daga Inugu zuwa Fatakwal, jiragen ruwa suka riƙa kawo shi Legas, tashar lantarki ta Ijora tana ƙona shi. Ramukan Inugu irin su Iva Valley da Okpara da Onyeama na ƙarƙashin ƙasa ne. A yau kwal ɗin Okaba a Kogi da na Maiganga a Gombe daga buɗaɗɗen fili ake kwasarsa, sai dai bel a rufaffen wuri ba a mahaƙa kaɗai yake ba. Akwai shi a hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin tarin kaya a masana'antun siminti, da rumbunan hatsi da sukari da taki na bakin tasha, kuma abin da aka koya a mahaƙar kwal yana aiki a duk waɗannan wurare.

Me ya sa wutar bel ta fi sauran gobara haɗari a cikin rami?

Bel guda yana iya kai kilomita ɗaya ko fiye, a miƙe ba yankewa, ga kwal a kansa, ga garin kwal a ƙarƙashinsa. Sannan mahaƙa ba ta rayuwa sai da manyan fankoki masu tura iska dare da rana. Iskar nan da ke raya ma'aikata ita ce ke zama wa wuta zugazugin maƙeri idan ta tashi, kuma ita ce ke kwasar hayaƙin ta kai shi wurin mutanen da ba su ma san an yi gobara ba.

Hayaƙin shi ne babban mai kisa. A cikinsa akwai kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200, mutum ya ji jiri ya zauna ya huta, daga nan ba tashi. A ranar 27 ga Satumba 2020 bel ya kama wuta a mahaƙar kwal ta Songzao da ke Chongqing a Chaina, mutum 16 suka mutu ta wannan hanya.

Daga ina wutar take tashi?

Mafi yawa daga guga. Boris ɗin rola ya ci, rolar ta daina juyawa, bel yana ta wucewa a kanta har ƙarfen ya yi ja. Ko bel ya maƙale amma gangar da ke jansa tana ci gaba da juyawa a wuri guda. Ko ya karkace yana gogar ƙarfen da ke riƙe da shi. Walda da matsalar waya ma suna kawo nasu.

Gobara biyu ne suka fi sauya dokokin wannan fanni. A mahaƙar Creswell ta Ingila, ranar 26 ga Satumba 1950, yagaggen bel ya cushe a wurin da wani bel ke zuba wa wani kwal, guga ta kunna shi, hayaƙi ya kashe mutum 80. Daga nan hukumar kwal ta Birtaniya ta juya ga bel ɗin PVC, wani nau'in filastik, mai wuyar kama wuta. A mahaƙar Aracoma Alma ta jihar West Virginia a Amurka, ranar 19 ga Janairu 2006, karkataccen bel ya yi ta guga har ya kama, mutum 2 suka rasu. Abin da wannan ya haifar yana ƙasa, a amsar tambayar ko ƙaramin gwajin ISO 340 ya isa a shiga da bel rami.

Bel ɗin da aka ce ba ya kama wuta, da gaske ba ya ƙonewa?

Yana ƙonewa, Alhaji. Duk bel ɗin roba ko PVC zai ci idan aka tsare shi da wuta mai ƙarfi. Abin da ake nema a wurinsa uku ne: ya yi wuyar kamawa, ya mutu da kansa idan aka janye abin da ya kunna shi, kada kuma ya ɗauki wutar ya bi rami da ita. Mai sayarwa da ya ce maka nasa ba ya ƙonewa ko kaɗan, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Ana samun wannan hali ne daga abin da aka haɗa bel ɗin da shi. PVC da robar kuloropirin suna da sinadarin kulorin a jikinsu, wanda ke dagula ƙonuwa. A wasu robobin kuma zuba musu magunguna ake yi lokacin kwaɓi, kamar garin antimoni, ko wani garin alminiyom mai sakin tururin ruwa idan ya ji zafi. Amma akwai ladan da ake biya: bel mai kulorin idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai asid da ke cin ido da maƙogwaro.

Mene ne ISO 340 da muke gani a kusan kowace takarda?

Shi ne ƙaramin gwajin ɗakin gwaje-gwaje. Ana yanko siraran yanka masu tsawon milimita 200 da faɗin milimita 25, a tsare kowane da harshen wutar gas na daƙiƙa 45, a janye, a ƙirga tsawon lokacin da ya ci gaba da ci. A rukunin yanka 6, jimillar lokacin kada ta kai daƙiƙa 45, kuma kada ɗaya ya wuce daƙiƙa 15. Bayan haka a busa masa iska a ga ko zai sake kamawa.

Ana yin gwajin da fatar roba a jiki, ana kuma yin sa bayan an feɗe fatar an bar saƙar ciki tsirara. Bambancin nan yana da muhimmanci, kuma shi ne asalin harufan K da S da aka yi bayani a ƙasa.

To idan bel ya haye ISO 340, ya isa a shiga da shi rami?

Bai isa ba, kuma wannan ita ce amsar da na fi so kowa ya riƙe a shafin nan. Yanka mai faɗin yatsa biyu a kan tebur ba ya nuna yadda bel mai faɗin mita guda zai yi a rufaffiyar hanya, inda zafi ke dukan rufi ya dawo kansa, iska kuma tana kaɗawa. Bel zai iya haye ƙaramin gwaji hankali kwance, ya je babba ya cinye ƙurmus.

Amurka ta daɗe a kan irin wannan ƙaramin gwaji, wanda ake kira 2G, da yanka mai tsawon inci 6 da faɗin rabin inci. Bayan gobarar Aracoma, majalisarsu ta yi dokar MINER a 2006, sannan a ranar 31 ga Disamba 2008 hukumar lafiyar mahaƙai ta MSHA ta fitar da sabuwar ƙa'ida, 30 CFR Part 14. Gwajinta ana kiransa BELT. Ana ɗora yanka mai tsawon ƙafa 5 da faɗin inci 9 a cikin wani akwati mai tsawon ƙafa 6, iska tana ratsa shi da gudun kimanin mita 1 a daƙiƙa, a kunna masa wutar gas a baki ɗaya na minti 5, sannan a kashe a bar shi ya yi abin da zai yi. Ana gwada yanka 3, kuma a kowanne dole a sami wani sashe da wuta ba ta taɓa ba daga gefe zuwa gefe. Duk sabon bel da aka ɗaura bayan 31 ga Disamba 2009 sai mai wannan amincewa, aka ba tsofaffin wa'adi zuwa ƙarshen 2018.

Turai ma tana da irinsa a ƙarƙashin EN 12881. A hanya ɗaya ana ɗaukar bel mai tsawon mita 2, a kunna masa gas ɗin furofen daga ƙasa na minti 10, a auna abin da ya rage. Akwai kuma babban gwaji da ake yi a cikin hanyar rami mai girman ta gaske.

Gwajin ganga fa, me yake aunawa?

Yana kwaikwayon maƙalewar bel ne, wato abin da aka ambata a amsar asalin wuta. Ana naɗa yankan bel a kan gangar ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 210, a ɗaure baki ɗaya, a rataya wa ɗayan nauyin da ya kai kilo 35 ko fiye, ganga ta yi ta juyi 200 a minti alhali bel yana tsaye. Ana yi cikin iska mai kaɗawa da marar kaɗawa, har bel ya tsinke ko lokacin da aka ɗiba ya cika. Abin lura shi ne ko harshen wuta ko garwashi zai bayyana, da kuma zafin da fuskar gangar ta kai. A ƙa'idojin Birtaniya da Ostareliya kada ya wuce digiri 325 a ma'aunin salshiyos. A Turai lambar gwajin EN 1554.

A nan PVC yake nuna kyansa: yakan narke ya tsinke tun zafin bai kai na kunna wuta ba. Tsinkewar bel asarar kuɗi ce da tsayawar aiki, amma ita ake so a wannan hali.

Me ya kawo maganar lantarki cikin gwajin bel?

Guga tsakanin bel da roloji tana tara lantarki a jikin roba. Idan ba shi da hanyar zurarewa ƙasa sai ya fita da tartsatsi, ga shi kuma ramin kwal yana fitar da iskar mitan, wadda ke fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin. ISO 284 ya ce turjiyar fuskar bel ga lantarki kada ta wuce megaom 300, a fuskar sama da ta ƙasa.

Muna da bel mai jure zafi irin na masana'antar siminti. Ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma saboda kusancinmu da Ewekoro da Ibese da Shagamu wannan ruɗani ya yi yawa a kasuwa. Bel mai jure zafi an yi shi ne don ya ɗauki kaya masu zafi irin kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, ba tare da ya bushe ya tsattsage ba, kuma ISO 4195 ne ke auna shi. Robar da aka fi yin sa da ita, EPDM, idan ta kama wuta ci take yi sosai. Wanda ya nemi na rami aka ba shi wannan, an cuce shi ko da ba da gangan ba.

Harufan K da S da ke jikin wasu bel, me suke nufi?

Daga ƙa'idar Jamus ta DIN 22102 suka fito. K yana nufin bel ya haye ƙaramin gwaji da fatarsa a jiki. S yana nufin ya haye da fata da kuma bayan an feɗe ta. Tun da fatar bel cinyewa take yi da aiki, kariyar K tana raguwa ne yayin da yake tsufa. Duka biyun matakin ISO 340 ne, saboda haka amsar da ke sama ta shafe su: sun dace da aikin sarari, ba su zama izinin shiga ramin kwal ba.

Wace takarda zan nema, kuma me zan duba a cikinta?

Ka fara da ƙa'idar da mai mahaƙar ko injiniyansa ya rubuta, ka sa lambarta a cikin oda baƙi da fari. Na ƙarƙashin ƙasa da aka sani su ne EN 14973 a Turai, mai aji A, B1, B2, C1 da C2. Part 14 a Amurka. BS 3289 a Birtaniya. AS 4606 a Ostareliya. SANS 971 a Afirka ta Kudu. IS 3181 a Indiya. MT 914 a Chaina. Kada a haɗa maka EN 14973 da EN 12882, domin na biyun na aikin saman ƙasa ne, kuma lambobin suna rikita ido.

Sannan ka nemi cikakken rahoton gwaji mai ɗauke da sakamako, domin satifiket mai shafi ɗaya da hatimi ba ya gaya maka komai. A cikin rahoton duba sunan ɗakin gwajin da ko yana da amincewar ISO/IEC 17025, duba ranar da aka yi, sannan ka kwatanta bel ɗin da aka gwada da wanda ke cikin kwantenarka: yawan shimfiɗun saƙa, kaurin fatar sama da ta ƙasa, da irin robar. Idan rahoton na bel mai fatar milimita 6 ne, naka kuma 3 ce, to ba naka aka gwada ba. Rubuta wa ɗakin gwajin imel ka tambaye su ko lambar rahoton tasu ce. Wasiƙa ɗaya ce, kuma ina ganin babu abin da ya fi ta sauƙi da amfani a duk wannan harka.

Jikin bel ma yana magana. Dokar Amurka ta wajabta a buga lambar amincewar MSHA a jikinsa, ana maimaita ta a tazarar da ba ta wuce kimanin mita 18 ba. A warware naɗin kaɗan a gani.

Kayana sun fito da takardar SONCAP. Ba ta wadatar ba?

SONCAP tsari ne na hukumar SON don tantance kayan da ake shigowa da su, kuma kana buƙatarsa wajen fitar da kaya. Amma samunsa kaɗai bai gaya wa mai saye wane gwajin wuta aka yi ko a wane aji ba, sai an koma ga rahoton da aka bayyana a amsar da ta gabata. Lafiyar ma'aikata a mahaƙa kuwa tana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011, kuma sashen sufetocin mahaƙai na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ne ke sa ido.

Na yanko guntu na kunna masa laita, bai kama ba. Shi ke nan?

Laita tana iya tona asirin bel marar kyau, amma ba ta iya wanke mai kyau. Idan guntun ya ci gaba da ci bayan ka janye wuta, ka gama sanin amsarka, kada ka sayar da shi da sunan mai kariya. Idan ya mutu, abin da ka sani kawai shi ne ya fi ƙarfin laita, wadda ba ta kai ko ISO 340 ba, balle gwajin akwati mai iska. In za ka yi, yi a fili, nesa da shago da jarkokin mai, kada kuma ka shaƙi hayaƙin.

Tsohon bel na gwanjo fa, tun da daga mahaƙar Turai ko Chaina aka ciro shi?

Ko da gaske daga can ya fito, ba shi ne bel ɗin da aka gwada yana sabo ba. Fatarsa ta cinye, gefensa ya buɗe, saƙar ciki ta sha mai da giris da garin kwal, ga faci iri-iri da ba a san da me aka yi su ba. Sau da yawa naɗi ɗaya haɗe-haɗen bel daban-daban ne, babu takardar da za ta iya tsaya musu duka.

Tsohon bel yana da kasuwarsa ta halal. Ana shimfiɗa shi a bodin tirelar shanu don kada su zame, ana yin marfin taɓo na manyan motoci, ana shimfiɗa shi a gareji da wurin lodi. A bar shi a can. Shigar da shi rami ko rufaffiyar hanya kasada ce da rayukan mutane.

Mai saye ya ce na gaskiyar ya yi tsada, in nemo masa mai sauƙi. Ya zan yi?

Tsadar tana da dalili. Magungunan hana wuta kuɗi ne, gwaje-gwajen kuɗi ne, kuma hanya mafi sauƙi ta karya farashi ita ce rage maganin a kwaɓi, abin da ido ba ya gani. Idan ka ga bel biyu masu lamba ɗaya amma farashinsu ya yi nisa da juna, ka tambayi dalili kafin ka biya.

Ɗan'uwa, ka gaya wa mai sayen gaskiyar abin da kake da shi, ka rubuta a rasit ajin da bel ɗin yake da wurin da ya dace da shi. In ya nace sai ka rubuta masa abin da ba haka ba, ka bar cinikin. Ɓoye aibin haja haramun ne ko a cinikin buhun masara, balle a kayan da mutane za su shiga ƙarƙashin ƙasa suna dogaro da shi, mutanen da ba a yi shawara da su ba lokacin da ake ciniki.

Idan bel ya haye duk gwaje-gwajen nan, an tsira daga gobara?

An rage haɗari, ba a kawar da shi ba, domin garin kwal da giris da katako za su ci ko bel bai ci ba. Binciken Aracoma ya nuna abubuwa da dama sun taru: tarin garin kwal a gefen bel, bututun ruwa da ba ruwa, bakin mesar kashe wuta da bai dace da na famfo ba, da katangar da ya kamata ta raba hanyar bel da hanyar tsira amma babu ita, har hayaƙi ya cika hanyar da mutane za su bi su fita.

Shi ya sa dokar Amurka ta 2008 ba ta tsaya kan bel ba. Ta sa a maye gurbin na'urorin jin zafi da masu sansano kabon monoksaid, a tazarar da ba ta wuce kimanin mita 300 ba, ta kuma wajabta gyara ko sauya rolar da ta lalace da daidaita bel ɗin da ya karkace. Sauran abubuwan da ake bi su ne makunnin da ke kashe inji idan bel ya fara zamewa a kan ganga, da ruwan feshi a wurin injin ja, da sharar garin kwal a kai a kai, da na'urar numfashi ta gaggawa a ƙugun kowane ma'aikaci.

Wurin haɗi da faci, da kuma ajiya a sito, suna shafar kariyar?

Suna shafa. Idan aka haɗa bakin bel mai kariya da roba da gam na yau da kullum, an dasa masa wurin da zai kama. Ka yi odar kayan haɗi da na faci tare da bel ɗin, daga kamfanin da ya yi shi, ka duba ranar ƙarewar aikinsu, domin ɗanyar robar haɗi ba ta daɗewa a zafin Legas kuma ɗaki mai sanyi take so. Robar da ake manna wa ganga da wadda ake tare gefen bel da ita su ma su zama masu kariya.

Naɗin bel kuma a ajiye shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina, nesa da janareta da man dizal da masu walda. Kafin a ɗora a mota a yanko rabin mita daga kowane naɗi, a rubuta masa lambar naɗin da ranar lodi, a adana tare da kwafin rahoton gwaji. Idan gardama ta taso daga baya, wannan guntun za a aika ɗakin gwaji.